NAZARI: Littattafan yara na Hausa sun cika intanet kyauta, me zai kai su azuzuwan Kaduna?

A ranar 12 ga Nuwamban 2025, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, tsarin da Majalisar Zartarwa ta Ƙasa ta amince da shi a ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu ke riƙe da ma'aikatar. A cewar ministan, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Watanni kaɗan kafin wannan sanarwa, gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta tallafa wa ƙasashe, USAID, wadda ta shafe fiye da shekara goma tana ɗaukar nauyin shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a jihohin Arewa.

Matakan biyu sun shafi abu guda: littafin da yaron aji ɗaya ko aji biyu zai riƙe a hannunsa ya koyi haɗa baƙi. Ɗaya ya jefa shakku kan harshen da za a rubuta littafin da shi, ɗayan kuma ya toshe wata babbar hanyar samun kuɗin buga shi. A daidai wannan lokaci, ɗaruruwan littattafan yara na Hausa na nan jibge a wasu shafukan intanet, kyauta, tare da izinin a sauke su, a gyara, a buga, a raba. Tambayar da ke gaban makarantun firamare na gwamnati a Kawo, Badarawa, Unguwar Shanu, Hayin Banki, Tudun Wada da Rigasa ita ce: ta wace hanya waɗannan littattafai za su fito daga intanet su shiga aji, kuma wane ne zai ɗauki nauyin hakan?

Ana zuwa makaranta, ba a iya karatu

Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya gano cewa kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta matakin farko. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na yara masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimci abin da ya ƙunsa. Da yawan waɗannan yara suna da rajista a makaranta, suna sa kayan makaranta, suna amsa suna kowace safiya.

Kaduna ta san wannan matsala. Bayan da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin ciyar da ɗalibai a Janairun 2016, ta ce yawan yaran firamare ya tashi daga kimanin miliyan 1.1 zuwa kusan miliyan biyu. Shigar yara makaranta nasara ce, amma azuzuwa da malamai da littattafai ba su ninka tare da su ba. A unguwanni masu cunkoso irin Rigasa, aji mai yara ɗari ko fiye ba baƙon abu ba ne. A irin wannan aji, darasin karatu kan koma bita: malami ya faɗa, yara su amsa da murya ɗaya. Yaro zai iya haddace abin da ke kan allo tsaf, amma idan aka nuna masa kalma guda a wani wuri dabam, sai ya tsaya yana kallo.

Karatu kuwa sana'a ce da ake ƙwarewa a kanta ta hanyar yawan yi. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula yana buƙatar shafuka masu yawa, masu sauƙi, a harshen da yake ji, domin idonsa ya saba har ya daina tsayawa kan kowane harafi. Wannan giɓi ne shafukan karatun yara ke iya cikewa.

Abin da ke cikin shafukan

Shafuka huɗu ne suka fi shafar mai koyar da karatu da Hausa. African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, yana ɗauke da labarai masu hotuna a harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa, an kuma kasa su mataki biyar, daga kalmomin farko zuwa labarin da malami zai karanta wa yara. StoryWeaver, na mawallafan Pratham Books da ke Indiya, ya fara aiki a Satumban 2015. Global Digital Library, wanda aka ƙaddamar a 2018 da tallafin hukumar Norad ta ƙasar Norway, yana tattaro littattafai daga wurare dabam-dabam. Sai Bloom Library na ƙungiyar SIL, wanda ke tafe da manhajar kwamfuta da ke bai wa malami damar rubuta nasa littafin.

Ban da waɗannan, akwai Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar a Maris ɗin 2022, mai darussa da Turanci, Hausa, Ibo da Yarabanci, wanda kamfanin Airtel ya ba masu layinsa damar shiga ba tare da cin data ba.

Babban abin da ya bambanta shafukan labaran da kantin littattafai shi ne lasisi. Yawancin littattafansu na ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya halatta wa kowa ya kwafa, ya fassara, ya buga, muddin ya ambaci marubuci da mai zane, ya kuma kiyaye sharuɗɗan da ke jikin kowane littafi. Ma'ana, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kaduna, SUBEB, na iya zaɓar littattafai hamsin ta kai su maɗaba'a a Kaduna ko Zariya ba tare da biyan kuɗin haƙƙin mallaka ba. Kuɗin takarda da tawada da jigila ne kawai a kanta. Rufe USAID ya nuna darajar wannan tsari: shiri na iya mutuwa ranar da mai ba da tallafi ya tattara komatsansa, amma littafin da aka saki da buɗaɗɗen lasisi yana nan ga duk mai son bugawa.

Abin da bincike ya nuna

Gwaji mafi kusa da Kaduna shi ne wanda masu binciken Bankin Duniya suka yi a ƙauyukan Kano da Jigawa, wanda ya shafi gidaje sama da 9,000, aka kuma wallafa sakamakonsa a 2023. An nuna wa iyaye finafinan ƙarfafa gwiwa kan sa yara a makaranta, sannan aka ba wasu gidaje wayoyin salula da aka riga aka loda wa wasan koyon baƙaƙe na Feed the Monster da littattafan Global Digital Library, duka da Hausa. Finafinan sun ƙara yawan yaran da ke zuwa makaranta, amma su kaɗai ba su ƙara musu iya karatu ba. Yaran da suka samu wayoyin ne karatunsu da lissafinsu suka ƙaru sosai, har 'yan'uwansu na gida ɗaya suka amfana.

Wannan sakamako hujja ce mai ƙarfi ga masu goyon bayan fasaha, sai dai yana da sharuɗɗa. Abin da ke cikin wayar da Hausa yake, an tsara shi daidai da matakin yaro, ba ya buƙatar intanet, kuma a gida ake amfani da shi, inda yara ƙalilan ke karɓa-karɓa da waya ɗaya na tsawon lokaci. Aji mai yara ɗari wani yanayi ne dabam.

Game da aji, gwajin da aka yi a yankin Kisumu na ƙasar Kenya ya fi dacewa. An kwatanta hanya uku: ba kowane ɗalibi na'urar karatu, ba malami kwamfutar hannu, ko ba jami'in da ke zagayawa yana horar da malamai. Duka ukun sun inganta karatu, domin an haɗa su da littattafai da horo, amma raba wa ɗalibai na'ura, wanda ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba, bai haifar da ƙarin sakamakon da ya kai kuɗinsa ba. Da Kenya ta faɗaɗa shirinta na Tusome a duk ƙasar daga 2015, sai ta ba jami'an horarwa kwamfutocin, ta ba kowane yaro littafin takarda.

Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya yi irin wannan gargaɗi, ya kuma kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba kwamfutocin tafi-da-gidanka sama da miliyan ɗaya ba tare da an saka su cikin tsarin koyarwa ba, kuma ilimin yaran bai ƙaru ba. Najeriya ma ta ɗanɗana wannan shiri a 2007, lokacin da aka gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, aka yi ta yayata hotunan yara riƙe da korayen kwamfutoci, daga baya maganar ta bi ruwa. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Wuta, data da cunkoso

Duk wani shiri da ya dogara da buɗe shafin intanet a cikin aji zai ci karo da abubuwa uku a Kaduna. Na farko wutar lantarki. A Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa tashar Mando da kuma matsalar da wani layin da ya biyo ta Binuwai ya samu. Ko a ranakun da babu irin wannan matsala, makarantun firamare na gwamnati da dama ba su da wutar da za a dogara da ita.

Na biyu kuɗin data. A Janairun 2025, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Idan babu tanadi daga hukuma, malamin da ke jiran albashi ƙarshen wata shi ne zai sayi datar da aljihunsa, kuma shirin da aka gina kan sadaukarwar malami ba ya daɗewa.

Na uku lissafin aji. A ɗauki misalin yara ɗari da kwamfutocin hannu goma a darasin minti talatin da biyar. Ko dai yara goma su yi cincirindo kan allo ɗaya, masu ƙarfi a gaba, ƙanana da mata a baya, ko kuma a yi layi kowane yaro ya samu minti uku da rabi. Kuɗin da ya sayi kwamfutocin goma zai iya buga ƙananan littattafai masu yawa, waɗanda ba sa buƙatar caji, ba sa jan hankalin ɓarawo, kuma yaro zai iya tafiya da su gida ya karanta wa ƙanensa.

Wannan ba ya nufin shafukan ba su da wuri a aji. Wurinsu shi ne wayar malami da maɗaba'a. Manhajar African Storybook ta waya tana barin mutum ya sauke labarai sau ɗaya ya ci gaba da buɗe su babu intanet. Malami zai iya karanta wa yara labari daga wayarsa, ya tsaya ya tambaye su me suke ganin zai faru, ya rubuta jimloli biyar daga labarin a allo su karanta ɗaya bayan ɗaya. Inda akwai majigi da wutar sola, aji gaba ɗaya zai ga shafi guda a bango. Amma karatun da yaro zai yi da kansa, da yatsansa a kan kalma, takarda yake buƙata.

Wace irin Hausa ce a kan allo?

Buɗaɗɗen shafi yana da nasa haɗari: kusan kowa na iya ɗora fassara, kuma ba duka ake tantancewa ba. Matsalar da ta fi yawa ita ce ta baƙaƙe masu lanƙwasa. Babban mutum zai gane daga ma'anar jimla ko baki ake nufi ko baƙi, kafa ko ƙafa, bari ko ɓari. Yaron da ke koyon cewa kowane harafi yana da sautinsa ba shi da wannan dama. Idan littafi ya rubuta sauti biyu da harafi ɗaya, an rushe masa ƙa'idar da ake ƙoƙarin gina masa. Akwai kuma bambancin ƙa'idar rubutu tsakanin Najeriya da Nijar, inda suke rubuta ƴ a wurin da ake rubuta 'y a nan, da matsalar raba kalmomi da haɗa su, da fassarar da ta bi Turanci sawu da ƙafa har Hausar ta fita daga kamanninta.

Sannan ba kowane labari mai sauƙi ne ya dace da mai koyo ba. Yaron da ya koyi a, k, m da n kaɗai zai iya karanta kaka, nama, kama, har da jimla kamar "Kaka na nan." Wannan nasarar farko ita ke sa shi sha'awar ci gaba. Idan aka ba shi labari mai kalmomi irin su ƙwanƙwasa ko tsattsauran, komai kyan hotunansa, zai koma zato da hadda. Shirye-shiryen da suka yi aiki a Arewa, kamar Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA da ya fara a Katsina da Zamfara, sun gina darussansu ne bisa jerin baƙaƙe, kowane mako da nasa. Dole a jera littattafan intanet bisa irin wannan tsari kafin su zama kayan aji.

Masu wannan aiki suna nan kusa. Akwai sassan nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Rigachikun. Jihar ce kuma ke da Zariya, garin da Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC suka buga littattafan da suka koya wa iyaye da kakanni karatun boko, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Tantance labarai ɗari da gyara rubutunsu aikin 'yan makonni ne ga ƙaramin kwamiti.

Malami shi ne ginshiƙi

A 2017, gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar da aka tsara bisa darussan aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari, ta sallame su, ta kuma ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. A Yunin 2022 aka sake sallamar 2,357. Har yau ana muhawara kan adalcin matakin, amma akwai abin da muhawarar ba ta cika taɓawa ba. Jarrabawar ta auna ko malami ya san abin da ɗan aji huɗu ya kamata ya sani. Iya koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi wata ƙwarewa ce dabam, kuma mai digiri ma zai iya rasa ta idan ba a horar da shi ba.

Jihar ta ga shirye-shiryen horarwa da dama da tallafin Birtaniya, daga ESSPIN da ya gudana tsakanin 2008 da 2017 zuwa PLANE da ke aiki a Kaduna, Kano da Jigawa. Darasin da ake samu daga irin waɗannan shirye-shirye shi ne, bitar kwana uku a otal ba ta sauya yadda ake koyarwa. Abin da ke sauyawa shi ne jagoran darasi a hannun malami, littafi a hannun yaro, da jami'in da ke shiga aji a kai a kai ya zauna ya saurara. A nan ne waya ke da amfani ƙwarai: tura wa malamai labarin mako da yadda za a koyar da shi ta WhatsApp ya fi sauƙi da araha a kan kafa ɗakin kwamfuta a kowace makaranta.

Bayan soke tsarin harshen uwa

Ministan ya kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi koyarwa da harshen uwa fiye da kima. Masana harshe da dama sun mayar da martani cewa tsarin 2022 bai kai ga aiwatuwa ba balle a ɗora masa laifi, kuma yaran da suka shiga aji ɗaya a ƙarƙashinsa ba su ma gama firamare ba. Sun kuma tuna da gwajin shekara shida na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turanci.

Ga yaron Unguwar Shanu ko Tudun Wada, wanda Hausa yake ji a gida da layi da kasuwa, koyon haɗa baƙi da Turanci aiki biyu ne a lokaci guda: gane harafi da gane harshe. Rubutun Hausa kuwa kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, don haka yaro kan kama ƙa'idar da wuri, sannan ya ɗauke ta zuwa Turanci. Shafukan nan na da wata fa'ida a nan, domin sau da yawa labari ɗaya yana nan da Hausa da Turanci, da hotuna iri ɗaya. Malami zai iya karanta shi da Hausa ranar Litinin, ya dawo masa da Turanci ranar Laraba.

Kaduna jiha ce mai harsuna da yawa, kuma ɗora Hausa a kan yaron da Gbagyi ko Tyap ko Jju yake ji a gida zai tayar da ƙorafi mai tushe. Lasisin da ya halatta fassara yana ba kowace al'umma damar mayar da labarin harshenta. Tun da ilimi na cikin abubuwan da tsarin mulki ya ba tarayya da jihohi iko a kansu tare, kuma SUBEB da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi ne ke tafiyar da firamare, babu abin da ya hana jihar ware lokacin karatu da harshen gida a jadawalin aji ɗaya zuwa uku.

Tambayoyin da ya kamata a yi

A shekarun nan Kaduna na ware kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin kuɗinta ga ilimi, tana kuma da damar karɓar kuɗin UBEC, wanda dokar 2004 ta tanadar daga kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Jihar ta shiga ƙawancen gudanar da gwamnati a buɗe na OGP, ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Matasan da ke bibiyar kasafi suna da ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, za a ga hotunan sababbin azuzuwa da yara riƙe da na'urori. Tambayoyin da suka fi hoto muhimmanci su ne: littafin karatu nawa kowane ɗan aji biyu ke da shi a hannunsa, kuma da wane harshe? Minti nawa aka ware wa karatu a kowace rana? Nawa aka kashe kan na'urori, nawa aka kashe kan buga littattafai? Sau nawa jami'in sa ido ya shiga ajin a zangon da ya wuce? Kuma kashi nawa na yaran aji uku a Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu da Igabi ke iya karanta gajeren labari su faɗi abin da ya ƙunsa?

Ta ƙarshen ce ma'aunin sauran. Gwajin ba ya wuce 'yan mintuna ga kowane yaro, kuma kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar matasan unguwa za su iya yin sa da labari ɗaya da aka sauke daga intanet aka buga a takarda. Idan gwamnatin Sanata Uba Sani ta fara wallafa wannan adadi kowace shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, iyaye za su san ko kuɗin da ake kashewa yana isa ga yaransu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya shiga aji ɗaya a bana zai kai aji huɗu, inda ake sa ran ya riƙa karanta darasi da kansa, cikin shekara uku kacal.